Tsakanin Kankiya da Kusada, a Ƙafa

'Ya'yana na Kankiya da Kusada, ku matso mu yi wata 'yar magana, ba ta faɗa ba ce. Yawancinku kun san titin Kano zuwa Katsina kamar yunwar cikinku. Kun san kwanar Yashe, kun san inda ake rage gudu a Gidan Mutum Ɗaya, kun san minti nawa babur zai kai ku Caranci ranar kasuwa. Amma in aka tambayi ɗayanku koramar da ke bi ta bayan gonar kakansa, daga ina ta taso, ina kuma take zuba, sai ya yi murmushi ya sosa ƙeya.

Ban ga laifinku ba. Mu ma ba don jarumta muka yi ta tafiya a ƙasa ba, abin hawan ne babu, sai jaki da keke, keken ma sai wane da wane. Babur alheri ne. Ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai ɗalibi makaranta kan lokaci, ya ciyar da gidaje da yawa. Sai dai wanda ke kan babur hanya kawai yake kallo, dole ne ma ya kalle ta in yana son ransa. Abin da ke dama da hagu sai mai tafiya a ƙasa. Shi ya sa nake so kowannenku ya ware wata safiya ko wata la'asar a mako, ya jingine babur, ya sa waya a aljihu, ya fita bayan gari.

Na san 'yan makarantar kiwon lafiya da ke Kankiya za su ce maganar motsa jiki ce. Suna da gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma tafiya da ɗan sauri ta wadatar. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da muke cewa ciwon masu kuɗin birni ne, yau sun shigo har ƙauye. Ku riƙe wannan. Amma ni abin da ya dame ni daban ne: nan gaba kaɗan ku ne masu gonakin nan, ku ne masu unguwanni da dagatai da kansiloli, kuma ina tsoron ku karɓi ƙasar da ba ku taɓa duba ta da kyau ba.

Ƙasarmu ba ta wahalar da mai tafiya. Shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa a nan, fadama a can, sai ɗan dutse jefi-jefi. Ba mu da babban kogi mai gudu shekara cur irin na Kaduna. Abin da muke da shi koramu ne, su cika su batse da damina, da rani su koma farin yashi. Daga bayan girbi zuwa ƙarshen hunturu, cikin korama ya fi kowace hanya daɗin tafiya da sassafe: ba ƙaya, ba ƙura, ba mota. Ku duba yashin. Za ku ga sawun shanun da suka sauko jiya da yamma, sawun zomo, layin da guza ya ja da jelarsa. Za ku ga ramin da makiyayi ya tona da hannu ko da ƙoƙo, ruwa ya tsattsafo a ciki. Koramar da kuke gani a bushe tana riƙe da ruwa a ƙarƙashin yashinta, shi ne ke shayar da rijiyoyin da ke gefenta da lambunan da ke bakinta. In kun fahimci wannan, ranar da kuka ga tifa-tifai suna kwasar yashi a wuri ɗaya har sun kai ga laka, ba sai an gaya muku abin da zai sami rijiyoyin unguwar nan da 'yan shekaru ba.

Ku kuma dubi gaɓa. Inda akwai itatuwa da ciyawa a baki, za ku ga gaɓar a tsaye, saiwoyi sun riƙe ta. Inda aka sare aka noma har bakin ruwa, za ku ga ta zabtare, kowace damina ruwa ya gutsiri kunya biyu ko uku. Mai gonar ya yi don ya ƙara fili ne, sai ga shi filin yana tafiya da ruwa zuwa gonar wani. Wannan darasi ne da ake zana shi a allo a aji, amma wanda ya tsaya a bakin kwazazzabo ya leƙa ba ya mantawa.

Wanda ke son ganin kore da rani, ya nufi wajen 'yan lambu, a bakin madatsar ruwa ta Kusada ko duk wata fadama da ke kusa da shi. Ku bi gefen magudanar da suka haƙa, ku ga yadda mutum ɗaya da fartanya ke juya ruwa daga wannan fangali zuwa wancan, ya toshe nan ya buɗe can. Albasa, tumatir, tattasai, attaruhu, kabeji. A da da jigo ake ɗebo ruwan, guga bayan guga, yanzu injin ban-ruwa ne, kuma duk lokacin da fetur ya tashi sai ku ji shi a kuɗin kayan miya. A irin wuraren nan ne tsuntsaye ke taruwa: balbela a bayan shanu, zalɓe a tsaye cikin ruwa, kirinjijiya suna shawagi suna kukansu. Gauraka kuwa, da a da ake ganinta a fadamu, yau in kun yi sa'ar ganinta ku zo ku ba mu labari. In wata rana hanya ta kai ku Dutsin-Ma, ku leƙa madatsar Zobe da ke kan kogin Karaduwa, wadda aka gama a 1983, ku ga yawan ruwan, ku kwatanta da abin da 'yan lambunku ke yi da ɗan wanda suke da shi.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya ku daɗe, wato itatuwa. Ba mu da kurmi. Dajinmu a cikin gonaki yake, itace nan, itace can, kuma babu ko ɗaya da ya tsaya a banza. Kowane babban itace da kuka gani a tsakiyar gona, wani ne ya ga tsironsa lokacin sassabe ya ɗaga gatari ya bar shi. Kuka don miya da igiya. Ɗorawa don kalwa, a yi daddawa. Tsamiya don kunu. Kanya, ɗinya, aduwa, magarya, goruba, kurna, kowanne da abin da yake ba gida. Darbejiya baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya, zamanin Turawa ta shigo, ta kuma yi mana rana wajen inuwa. Sai gawo, wanda na fi so ku lura da shi. Duk itace yana tofo da damina, shi kuwa a lokacin yake kaɗe ganye, ya bar wa gero hasken rana. Da rani, sa'ad da kowa ya bushe, sai ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa, su bar taki a gindinsa. Ganyen da ya zubar shi ma taki ne. Ku je da kaka ku dubi zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo, ku dubi ta nesa da shi, ku yanke hukunci da kanku. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram sun taɓa kafa doka mai tsanani a kan sare shi. Ba su yi wauta ba.

Ga aikin da zan ba ku. Duk gonar da kuka ratsa, ku dubi manyan itatuwa, sa'an nan ku nemi ƙananansu. Kukar nan mai shekaru aru-aru, ina 'yarta? Ɗorawar nan da ta fara bushewa daga sama, wace ce za ta gaje ta? Sau da yawa za ku tarar babu. Garmar shanu ta tumɓuke, akuya ta cinye, mai sassabe ya share ya cinna wuta, masu gawayi da masu itacen girki suna bin manyan ɗaya bayan ɗaya. Daga kan babur komai lafiya lau, ga itatuwa nan reras. A ƙafa ne ake gane cewa tsofaffi ne zalla.

Abin yana da magani, kuma maganin ba daga nesa ya zo ba. Nan bayan Jibiya, a jihar Maraɗi, bayan farin shekarun 1970 da na 1984 ƙasa ta kusa zama fako. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sharewa kowace shekara a gonaki ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara zaɓen reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su kare wanda suka bari. Ba gandun dashe, ba ban-ruwa, ba kuɗi. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Hausawa ne irinku, gero suke nomawa irin naku, ruwan samansu ma bai kai namu ba. Sabara da kalgo da gezar da kuke tsallakewa a hanya, da tsiron gawon da ke leƙowa a kan iyaka, su ne irin abin da suka yi aiki da shi.

Burtali ma ku bi shi. An bar shi ne da faɗi don garke ya wuce daga makiyaya zuwa mashaya ba tare da ya taɓa shuka ba. Ku lura da inda ya tsuke. Wannan ya ci taku ɗaya bana, maƙwabcinsa ya ci biyu baɗi, har ya zama sa biyu ba sa jerawa. Ranar da shanu suka faɗa gona sai a ce Bafulatani ya yi ɓarna, wani lokaci kuwa ya yi ɗin, amma ɓarnar farko an yi ta da fartanya tun shekarun baya. Saurayin da ya saba bin burtali zai iya faɗa wa mai unguwa tun maganar tana ta gyaran iyaka, ba ta kai ga sanda ba.

Tafiyar nan tana da ladubbanta, kun san su, tuni kawai nake yi. Wanda kuka tarar a gona ku yi masa sallama da sannu da aiki. Da damina a bi iyaka, kada a keta shuka. Mangwaro da gwaibar lambu suna da mai su, ku roƙa, da wuya a hana ku. In kun zo ruga ku tsaya daga nesa ku yi sallama har a amsa. Kada ku ɗaga waya ku ɗauki hoton matan mutane a bakin rijiya. Ledar ruwan da kuka sha ku mayar aljihu, don akuya in ta haɗiye ta ba ta narkewa.

Ba zan rufe ido in ce muku ko'ina lafiya ba. Da a ce shekarun baya ne, sai in ce ku fita daga Rimaye ku bi ta Kafin Soli ko ku miƙa Mawashi, inda dare ya yi muku ku kwana. Yau ba haka ba ne. Fitinar 'yan bindiga da muke jin labarinta a bakin dajin Rugu, wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa, ta matso har ta taɓa ƙauyukan da ba a taɓa tsammani ba. Gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, amma wannan bai ɗauke wa kowa hankalinsa ba. Ku tambayi mutanen wuri kafin ku nufi wata shiyya, in suka ce kada a je, to kada a je. Ku fita ku uku ko huɗu, a san inda kuka nufa a gida, kada ku yi nisan da ba ku jin kiran sallar wani gari, ku kuma dawo da sauran rana. Abin da nake nema ba ya bukatar nisa. Kilomita biyu ko uku a kewayen gari sun ishe ku shekara kuna gani. Ku kuma 'yan mata, ban cire ku ba. Ku fita da safe tare da yayye ko iyaye, gonar gida ma ta isa. Iyayenku mata su suka fi kowa sanin tafasa da rama da yaɗiya da inda kowanne ke fita, kada sanin ya tsaya a kansu.

Sai ruwa da maciji. Da damina kada ku bi cikin korama, ko da sama garau take a kanku, don ruwan da aka yi a wani gari can sama yana iya saukowa lokaci guda. Mutanen Jibiya ba su manta ambaliyar watan Yulin 2018 ba. Ruwan dam da na kududdufi kuma a kalle shi daga baki. Tsutsar tsargiya a jikin katantanwar cikin ruwa take girma, ta fata take shiga, kuma fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa, ciwo ne mai magani a asibiti. Ku sa takalmi mai rufi, ku riƙe sanda, kada ku zura hannu a rami ko ƙarƙashin tarin kara, musamman da kaka. In tsautsayi ya sa kububuwa ko kasa ta sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa asibiti. A nan kam babur ya yi rana.

In za ku fita, ku ja wani dattijo ko makiyayi ku tafi tare, ko da zai rage muku sauri. Ku tambaye shi sunan kowace fadama da kowane tsauni, wa ya haƙa tsohuwar rijiyar can, me ya sa aka tashi daga kufan can, ina ne iyakar makiyaya kafin a nome ta. Ku rubuta a littafi ko ku naɗa a wayar taku, da izininsa. Ku fara da koramar da ta fi kusa da gidanku, ku bi ta sama ranar farko, wata ranar ku bi ta ƙasa, sa'an nan ku zo mu zauna ku gaya mini ƙananan gawo nawa kuka samu a bakinta.