Farin ɓawon da ke kashe batirin sola

Daga Hardawa har Azare, masu shagon cajin waya da masu sola a gida kuka ɗaya suke yi: batir bai shekara ba, amma kafin isha'i inbata ta fara tsuwa. Sau da yawa ba jabu aka sayar musu ba. Salfet ne ya ci batirin.

Masana kimiyyar Faransa, cikinsu har da Lavoisier, su suka raɗa wannan suna a 1787, ga gishirin da ke samuwa idan asid ɗin farar wuta ya ci ƙarfe. Ruwan da ke cikin batir wannan asid ne da aka sirka da ruwa, farantan ciki kuwa dalma ce. Duk lokacin da ka ja wuta, farin salfet yana kwanciya a kan farantan, idan ka yi caji ya narke ya koma ruwa. Matsala tana farawa ne idan batir ya yi kwanaki babu cikakken caji. Salfet ɗin sai ya daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya, caji ya kasa ɗaga shi.

Saboda haka, malam, sayi ƙaramar mita. Batir mai bolt 12, idan ya cika ya kuma huta, zai nuna kusan 12.6. Da ka ga 12.2, rabi ya tafi, kashe kaya. Na san da wuya a kashe fanka a zafin Afrilu, amma wannan ja har ƙasa shi ke rage wa batir kwana. Zafin ma maƙiyinsa ne. Ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga.

Lokacin hunturu ka riƙa goge faifan sola, domin ƙura tana hana batir cika. A marka ma, da rana ke ƙaranci, rage kaya.

Idan ruwa ya ja baya a batir mai murfi, tataccen ruwa kaɗai za ka ƙara. Ban da asid, ban da ruwan rijiya ko fiya wata. Batirin da ya mutu kuma kada a fasa shi a gida, dalma guba ce ga yara. A kai shi wurin masu musayar tsohon batir.