Inda riguna ke taruwa a shagon ɗinki

'Yan'uwana teloli na Zongo, Aboabo da Asawase, musamman masu karɓar kwangilar kayan makaranta: aikina kula da layin ɗinki ne, kuma abin da na fi gani yana cinye mana riba shi ne rabon aiki da ka.

Masta ya zaunar da yara biyar, wannan yanka, wannan hannu, wancan kwala, sai maɓalli da guga. Kafin azahar riguna sun yi tsibi a gaban mai kwala, mai maɓalli kuwa yana zaune hannu sake. Sai a ce mai kwala malalaci ne, ko a ci bashi a sayo sabon keke. Wannan zalunci ne ga yaron, domin kwala ta fi kowane sashe cin lokaci. Kakanninmu fataken goro sun san cewa ayari ba ya wuce saurin jakin da ya fi nauyin kaya.

Maganin yana cikin agogon wayarka. A ce makaranta na son riga 120 a yini, aikinku awa 8, wato minti 480. Dole ke nan riga ɗaya ta fita duk minti 4. Auna kowane mataki sau da yawa, ba a kan gwanin shago kaɗai ba. Idan kwala na cin minti 8, mutum biyu take so. Idan maɓalli minti 2 ne, guga ma 2, mutum ɗaya ya ishe su, ɗayan ya koma kwala. Ba ka ƙara ko sidi ɗaya ba, riguna sun ninka.

Da wannan lissafin kamfanin Ford na Amurka, bayan ya kafa layinsa a 1913, ya rage haɗa gindin mota daga sama da awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi.

Kada ka lissafa awa 8 cif. Cire lokacin salla da abinci, ka bar sarari don ɗaukewar wuta, tunda mun san halin dumso. Kuma ka koya wa kowane yaro mataki biyu ko uku, domin ranar da mai kwala ya kwanta zazzaɓi ana saura mako a koma makaranta, wani ya zauna a kujerarsa. Masu haɗa takalma da masu ɗura fiya wata ma su gwada awon nan a wurarensu.