Kafin ku hau dutse, ku tsai da lokacin juyowa

Sakataren wata ƙungiyar matasa masu hawa dutse a Jos ne ya aiko da wannan tambayar, na taƙaita ta: "Salamu alaikum, Malam. Muna fita tattaki a ƙarshen kowane wata. Da mu 'yan tsiraru ne, amma tun da muka soma sa hotuna a Facebook jama'a suka yi ta shigowa. Yanzu kusan duk fitar da muka yi sai wani ya galabaita, ayari ya rabu biyu, na gaba sun kai ƙololuwa ba su san inda na baya suke ba, wani lokaci har dare ya riske mu a kan dutse. Wasu na cewa iskar sama ce ba ta isar su. Ga shi muna da burin zuwa Chappal Waddi, daga baya kuma Dutsen Kamaru. Wane magani za mu saya mu riƙa tafiya da shi?"

Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Ajiye kuɗin maganin tukuna. Abin da ka bayyana ba ciwon tudu ba ne. Ciwon da ƙarancin iska ke jawowa, mai zuwa da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, galibi sai an wuce mita 2,500 daga doron teku yake somawa. Duwatsun Shere da ke kanku ba su wuce mita 1,829 ba, kuma ku da kuke kwana kuna tashi a Jos kun riga kun saba da tudun da ya haura mita 1,200. Shi kansa Chappal Waddi, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Zafin rana da ƙishirwa ne ke kayar da mutanenku, sai kuma ƙarancin lissafin lokaci, wanda shi ne uwa uba. Duka ukun a ƙasa ake maganinsu, tun ba a ɗaura takalmi ba.

Yawancin ƙungiyoyi lokacin tashi kawai suke sanarwa: a haɗu ƙarfe 7 a wuri kaza. Ba mai faɗin lokacin juyowa. A ganina wannan ne babban gibin da ke cikin shirinku. Lokacin juyowa shi ne sa'ar da kowa zai juya ya nufi gindin dutse, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, ko da kuwa ana hango ta. Ana tsai da shi ne a gida, lokacin da kowa ke cikin hayyacinsa, domin mutumin da ya sha wahalar awa huɗu yana ganin ƙololuwa a gabansa ba ya iya yi wa kansa hukuncin gaskiya. Zai ce saura kaɗan. A kan dutse kuwa "saura kaɗan" na iya cin awa guda, don sau da yawa abin da kake ɗauka ƙololuwa ce, in ka hau sai ka tarar da wata a bayanta.

Ga yadda ake lissafin. Wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar da wata ƙa'ida a 1892 wadda har yau ake aiki da ita: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 600 na hawa. Idan tafiyarku kilomita 10 ce zuwa da dawowa, hawan kuma mita 600, awa 3 ke nan. Sai dai ka lura, Naismith lissafin ƙaƙƙarfan mutum ya yi, a ƙasa mai sanyi, ba hutu ba tsayawa. Ku kuwa kuna da baƙi, ga rana, ga salla, ga ɗaukar hoto a kan kowane falalen dutse. Saboda haka ka ninka. Awa 6 za ka rubuta, kuma daga ƙarshe za ka fara ƙirgawa zuwa baya. A yankinmu rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 na yamma a duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri, cikin kamar rabin awa ya rufe. Ka sa a ranka cewa mutum na ƙarshe zai taka gindin dutse da la'asar, don in wani ya yi targaɗe a samu sararin awa biyu na sauko da shi da haske. Abin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne a tashi da an idar da sallar asuba, a juyo kafin azahar. Da haka an ci moriyar sanyin safiya wajen hawa, wanda shi ne aikin da ya fi jawo gumi.

Kada kuma ka yarda da masu cewa saukowa ba ta cin lokaci. A gangara ne aka fi jin rauni. Cinyoyi sun gaji, gwiwa na karkarwa, hankali ya koma kan mota da abinci, sai ƙafa ta taka tsakuwar da ke kan falale ta zame. Duwatsun Filato da na Zariya, irin su Kufena, da rani suna riƙe takalmi sosai, amma da yayyafi ya taɓa su, musamman inda gansakuka ta kwanta, sai santsi. Takalmin kambas mai kaifin ƙasa ya isa, ba lallai sai mai tsada ba. Silifa da sabon takalmin da ba a saba da shi ba su ne ban yarda da su ba: ɗaya zamewa, ɗaya bororo.

Rabuwar ayari kuwa, fatake sun daɗe da magance ta. Masu zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu mai yanke hukunci, suna da jagaba mai shiga gaba don ya san hanya, kuma ba a wuce shi. Ku ma haka za ku yi. Mutum ɗaya a gaba wanda ba mai tsallake shi komai ƙarfinsa, mutum ɗaya a ƙarshe wanda ba ya barin kowa a bayansa, kuma na ƙarshen nan ya zama cikin ƙwararrunku, shi ke riƙe da jakar magani. Wanda ya fi kowa nawa a sa shi na biyu ko na uku daga gaba, tafiyar ta bi ƙafarsa. Na san samari za su yi gunaguni. Su yi. Akwai wata muguwar al'ada da nake so ka kashe: masu sauri su yi gaba, su zauna su huta, da na baya sun iso suna haki sai su miƙe su ce a ci gaba. Ka ga wanda ya fi bukatar hutu shi ne bai samu ko minti ɗaya ba. Hutu na farawa ne daga lokacin da mutum na ƙarshe ya zauna. A ƙirga kawuna a gindin dutse, a kowane hutu, a kowace mararraba, da kuma kafin mota ta tashi. Idan kun haura mutum goma sha biyar, ku kasu gida biyu, kowane da jagoransa da mai tsare masa baya.

Maganar da ya kamata ta fi tayar maka da hankali a kan dutse ita ce, "Ku je, zan biyo ku." Mai faɗinta yakan zauna a kan dutse ya sunkuyar da kai, rigarsa ta yi farin zanen gishiri a baya da hammata, leɓɓansa sun bushe, yana murmushin kunya don kada a ce ya gaza. Kada a bar shi shi kaɗai, ko da ya rantse lafiyarsa lau. A kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa sannu a hankali. In babu na leda da ake sayarwa a kemis, a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya warware, mutum biyu su sauka da shi. In kuwa ya soma sambatu, ko tangaɗi kamar mai maye, ko bai gane abokansa ba, jikinsa ya ɗau zafi rau, to zafin rana ya buge shi, kuma wannan na kisa. A jiƙa shi sharkaf da duk ruwan da ake da shi, a yi masa fifita ba ƙaƙƙautawa, a nufi asibiti da shi. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki.

Ruwan sha kuwa, a zafi mai hawa na bukatar daga rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa. Tafiyar awa 6 ke nan kada mutum ya ɗauki ƙasa da lita 3, wato leda 6 ta fiya wata, kuma a dawo da ledojin gida, kada a bar wa dutsen. A duba jakar kowa a gindin dutse. Wanda ya zo da 'yar roba ɗaya a hannu ya sayo ƙari ko ya jira a mota. Fitsarin da ya yi duhu kamar shayi alama ce ta an makara da sha. Dabino da gyaɗa da ƙuliƙuli da ayaba sun fi lemon kwalba amfani. Kuma ban ga dalilin shirya doguwar fita da rana a watan azumi ba, ko a tsakiyar bazara, Maris da Afrilu, lokacin da dutsen kansa ke turiri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinku.

In kun fita da damina, hadari ne madugunku. Da an ga walƙiya a ƙirga daƙiƙu har a ji tsawa: kowace daƙiƙa 3 kimanin kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, a bar ƙololuwa da doron dutse nan take, kada a fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai ko a bakin ɗan kogo, kuma a warwatsu kada a cunkushe wuri guda. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba a ci gaba. Kwazazzabon da kuka tsallaka a bushe da safe yana iya cika da yamma, ko da ba a kanku aka yi ruwan ba.

Saran maciji ba kasafai yake faruwa ga ayari mai hayaniya ba, amma duk jagora ya san abin yi. Kububuwa ce ta fi yi wa mutane ɓarna a yankin Filato da Gombe da Taraba, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi, don haka wanda ta sara yana iya zama garau na wasu sa'o'i kafin jini ya soma fita ta dasashi. Ba a ɗaurewa da igiya, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe da agogo, a ɗora gaɓar a kan sanda a naɗe don kada ta motsa, a ɗauke shi kada ya taka, a kai shi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna a wannan aikin, amma tun kafin fita ku bincika wanne ne mafi kusa da dutsen da za ku hau. Rigakafin kuwa mai sauƙi ne: kada a zura hannu cikin tsagar dutsen da ido bai ga cikinta ba. A irin wuraren nan ƙudan zuma ma ke zama.

Kowane dutse yana da masu shi. Ku fara da gaida mai unguwa ko dagaci, ku ɗauki ɗan gari ya yi muku jagora ku biya shi haƙƙinsa. Shi ya san inda ruwa yake, da inda al'ada ta hana takawa, da kuma abin da taswirar waya ba za ta gaya muku ba, wato ko dajin lafiya yake a wannan makon. In ya ce kada a bi ta nan, an gama magana. A bar wa wani a gari sunayen duk waɗanda suka fita da hanyar da za su bi da sa'ar da ya kamata ya ji daga gare su. Lambar gaggawa 112 ce, amma sabis na ɗaukewa a bayan duwatsu, shi ya sa kowa zai riƙe usur da tocila, ba fitilar waya ba.

Duk wannan ya kamata ya bayyana a sanarwarku ta wata-wata. Maimakon hoto da "kowa ya zo", a rubuta nisan tafiya, da tsawon hawa, da yawan sa'o'i, da litar ruwa, da lokacin juyowa, don mutum ya auna kansa tun yana gida. A tambayi kowane sabon shiga, a keɓe, ko yana da hawan jini, ciwon suga, fuka, ciwon zuciya ko sikila. Mai sikila musamman, ƙishirwa da sanyi da tudu duk suna tayar masa da ciwo, sai da yardar likitansa. Rahoton bayan fita kuma kada ya tsaya ga "an je lafiya an dawo lafiya". A rubuta sa'ar da aka kai kowane wuri, da inda ruwa ya ƙare, da inda aka yi ɓatan hanya, don jagoran wata mai zuwa ya amfana.

Yanzu sai burinku. Chappal Waddi yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, kuma tafiya ce ta kwanaki da kwana a daji, don haka sai da izinin hukumar gandun da jami'anta. Wahalarsa nisa ce da sanyin dare: kowane mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, saboda haka rigar sanyi da ta ruwa dole ne. Dutsen Kamaru kuwa ya haura mita 4,000, kuma daga Buwiya ake kama hawansa, garin da bai wuce kimanin mita 1,000 ba. A nan ne ciwon tudu ke zama gaskiya. Ƙa'idar likitoci ita ce in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, don haka ku zaɓi shirin da ya fi yawan kwanaki ko da ya fi tsada. Akwai ƙwayar acetazolamide, wadda aka fi sani da Diamox, tana taimaka wa jiki sabawa, amma likita ne zai duba mutum ya rubuta masa. Wanda ciwon kansa ya ƙi jin magani ba ya ƙara hawa. Wanda ya soma tangaɗi, ko haki alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, tare da rakiya. Kafin ku sayi tikitin ko ɗaya daga cikin biyun, ku yi fita uku a jere a Shere wadda kowa ya sauko tare kafin la'asar ta wuce, ta ƙarshensu da kwana ɗaya a waje, kowa ɗauke da cikakken kayansa.