Ƙarfin Inji ko Sarrafuwa: Wanne Ya Kamata a Fara Gyarawa Domin Gudun Mota?

Gabatarwa

Akwai wata muhawara da ta daɗe tsakanin direbobin tsere da makanikai da injiniyoyi. Idan mutum yana da mota, kuma kuɗin da ke hannunsa ba zai isa gyara biyu ba, shin inji zai fara ƙara wa ƙarfi, ko kuwa zai fara da taya da birki da shokazoba? Yawancin matasa sukan ce inji, domin shi ne ake jin rurinsa. Wannan darasi zai auna maganar da ma'aunin kimiyyar fiziya, wadda ake koyarwa a makarantun sakandare, sannan ya kawo misalai daga tarihin tseren motoci. Abin da ake nufi da sarrafuwa a nan shi ne yadda mota take bin umarnin direba yayin shan kwana da taka birki da kauce wa abin da ya gitta.

Abin da inji yake iya yi

Ana auna ƙarfin inji da ma'aunin da ake kira ƙarfin doki, wanda injiniyan nan na ƙasar Sikotlan, James Watt, ya yaɗa a ƙarni na 18. Ƙarfin doki ɗaya daidai yake da kimanin wat 746. Aikin inji iri biyu ne: ƙara wa mota gudu, da yaƙi da iskar da take tare ta daga gaba.

Iska ita ce babbar abokiyar gāba. Idan gudun mota ya ninka sau 2, turjiyar iska takan ninka sau 4, ƙarfin injin da ake bukata domin keta ta kuwa yakan ninka sau 8, watau 2 × 2 × 2. Saboda haka motar da ƙarshen gudunta kilomita 150 ne a awa ba za ta kai 300 ba don kawai an ninka injinta sau biyu. Idan aka ƙara wa inji kashi 20 cikin ɗari na ƙarfinsa, ƙarshen gudun motar zai ƙaru da kimanin kashi 6 cikin ɗari kacal, watau daga 150 zuwa wajen 159. Wannan ne ya sa motar Bugatti Veyron ta shekarar 2005 sai da aka sa mata inji mai ƙarfin doki kimanin 1,000 kafin ta wuce kilomita 400 a awa.

Duk da haka bai kamata a raina inji ba. A tsaka-tsakin gudu, alal misali lokacin da ake son wuce wata mota ko hawan tudu, ƙarin ƙarfin inji yakan rage lokacin da ake ɗauka ƙwarai. Sai dai akwai sharaɗi guda: dole ƙarfin ya isa ƙasa tukuna.

Taya ce ke da maganar ƙarshe

Isaac Newton ya bayyana a shekarar 1687 cewa abin da yake tafiya ba zai canza gudunsa ko alƙiblarsa ba sai wani ƙarfi daga waje ya tilasta masa. A mota, kusan dukkan wannan ƙarfi yana fitowa ne daga gogayya tsakanin taya da kwalta. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba sosai. Ta waɗannan wurare huɗu ne tashi da tsayawa da juyawa duk suke bi.

Masana suna auna riƙon taya da wata lamba da ake kira ma'aunin gogayya. Taya ta yau da kullum a busasshiyar kwalta tana da kimanin 0.8. A jiƙaƙƙiyar kwalta lambar takan faɗi zuwa wajen rabin haka, musamman idan tayar ta suɗe. Idan aka ninka wannan lamba da 9.8, watau ƙarfin jan ƙasa, za a sami iyakar yadda mota za ta iya canza gudunta cikin kowace daƙiƙa.

A ɗauki mota wadda tayoyinta na gaba ne suke ja, kuma kashi 60 cikin ɗari na nauyinta yana kansu. Lissafin shi ne 0.8 × 0.6 × 9.8, wanda ya ba da 4.7. Ma'ana, ba za ta iya ƙara gudun da ya fi mita 4.7 a daƙiƙa ba cikin kowace daƙiƙa. Kilomita 100 a awa daidai yake da mita 27.8 a daƙiƙa, don haka motar ba za ta kai wannan gudu daga tsaye ba cikin ƙasa da daƙiƙa 6 ko kusa da haka, kome girman injinta. Ƙarfin da ya wuce wannan iyaka zai ƙare ne a kartar ƙasa da hayaƙin roba. Amma da tayoyi huɗun ne suke ja, iyakar za ta sauko zuwa daƙiƙa 3.5. Wannan dabara ce kamfanin Audi na Jamus ya yi amfani da ita a motarsa Quattro, wadda ta fito a 1980, ta kuma ciwo masa kambun duniya na tseren rali a 1982 da 1984.

Lissafin kwana

A kwana, inji ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Domin a san iyakar gudun da mota za ta sha kwana da shi, sai a ninka abubuwa uku: ma'aunin gogayya, da 9.8, da nisan da ke tsakanin motar da cibiyar da'irar kwanar. Daga nan sai a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da sakamakon.

Alal misali, kwana ce mai nisan mita 50 daga cibiya. Da taya mai 0.8, lissafin zai ba da 392, kuma lambar da ake nema ita ce 19.8, watau kilomita 71 a awa. Da taya mai 0.9 sakamakon zai zama 441, wanda yake 21 × 21, watau kusan kilomita 76 a awa. Idan ruwan sama ya mayar da lambar 0.4, iyakar za ta koma kilomita 50 a awa. Mota mai ƙarfin doki 70 da mai 700 duk wannan doka ce take hukunta su. Wadda ta wuce iyakar za ta sulale ta bar hanya.

Ɗalibi mai lura zai ga cewa ribar da aka samu a nan ma kashi 6 cikin ɗari ce, daidai da ta inji. Bambancin yana ga yawan wuraren da ake cin ribar. Ba kasafai mota take samun miƙaƙƙiyar hanyar da za ta kai ƙarshen gudunta ba, amma kwana da birki suna nan a kowane zagaye. Bugu da ƙari, motar da ta fito daga kwana da ƙarin kilomita 5 a awa za ta ɗauki wannan rata ta shiga miƙaƙƙiyar hanya da ita.

Aikin shokazoba da sifirin shi ne su tabbatar taya tana manne da ƙasa ko da a hanya mai gargada, domin tayar da ta yi tsalle sama ba ta riƙe da kome. Haka nan motar da cibiyar nauyinta take ƙasa-ƙasa ba ta karkata sosai a kwana, don haka nauyin yakan rarrabu a kan tayoyin huɗu fiye da na mota mai tsayi.

Birki ma kayan gudu ne

Nisan da mota take ci kafin ta tsaya yana ninkuwa sau 4 idan gudu ya ninka sau 2. Da taya mai 0.8, mota mai gudun kilomita 50 a awa tana bukatar kimanin mita 12. A kilomita 100 tana bukatar mita 49, a 150 kuwa mita 111. Wannan ban da nisan da take ci kafin ƙafar direba ta isa birki, wanda a kilomita 100 yake kusan mita 28 cikin daƙiƙa guda.

Birki yana mayar da kuzarin tafiya ne zuwa zafi. Mota mai nauyin kilo 1,000 da ke gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da kuzarin da ya isa ya kai ruwa fiye da lita guda ga tafasa, kuma birki zai shanye wannan zafi cikin 'yan daƙiƙoƙi. A kilomita 140 zafin ya kusa ninkawa. Birkin da ya yi zafi fiye da kima yakan daina kamawa. Wanda ya ƙara wa inji ƙarfi ya bar tsohon birki ya ɗora wa birkin kayan da ba a ƙera shi dominsu ba.

Shaidar tarihi

A tseren awa 24 na Le Mans da ke Faransa a 1953, motocin Jaguar na Ingila sun zo na ɗaya da na biyu da na huɗu, alhali akwai motocin da suka fi su girman inji, ciki har da na Ferrari. Abin da ya fi taimaka musu shi ne sabon birki mai faifai, wanda yake hucewa da sauri fiye da tsohon birki mai ganga. Direbobin Jaguar sun sami damar jinkirta taka birki a bakin kowace kwana, har motar da ta ci ta shafe fiye da kilomita 4,000.

A 1958, Stirling Moss ya ci babban tseren Ajantina da wata 'yar ƙaramar mota ƙirar Cooper mai injin da bai cika lita 2 ba, yayin da abokan karawarsa suke da injuna masu kusan lita 2.5. An sa injin Cooper a bayan direba, abin da ya rage mata nauyi ya kuma daidaita shi. Jack Brabham ya ci kambun duniya da Cooper a 1959 da 1960, kuma cikin 'yan shekaru duk sauran kamfanoni suka bi wannan tsari.

Motar Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975 da 1978. Sunan da ta yi a Afirka ya samo asali ne daga ƙwarin jikinta da yadda ƙafafunta suke shanye gargada, abin da tsofaffin direbobin tasha suka sani sarai.

Akwai kuma darasi mai ɗaci. A farkon shekarun 1980 an buɗe wani rukuni a tseren rali mai suna Rukunin B, inda aka sassauta dokoki har ƙarfin injuna ya wuce doki 400 a kan ƙananan hanyoyi masu kwana-kwana. Ranar 2 ga Mayu, 1986, Henri Toivonen na ƙasar Finlan da mataimakinsa Sergio Cresto suka mutu a tsibirin Kosika bayan motarsu ta bar hanya a wata kwana ta kama da wuta. An soke rukunin daga ƙarshen wannan shekara.

Inda inji yake gaba

Amsar tana canzawa idan hanya ba ta da kwana. A tseren miƙaƙƙiyar hanya na mita 402 da ake yi a Amurka, ko a ƙoƙarin kafa tarihin gudu a hamada, ƙarfi da siffar jikin mota su ne kan gaba. A watan Oktoba na 1997, Andy Green ya yi gudun kilomita 1,228 a awa a hamadar Black Rock ta jihar Nebada da mota mai injin jirgin sama guda biyu. Haka kuma motar da tayoyinta da birkinta suka riga suka fi ƙarfin injinta, ita ce lokacin ƙara mata inji ya yi. Rage nauyi kuwa yana amfanar ɓangarorin biyu, domin yana sauƙaƙa wa inji da birki aiki a lokaci guda.

Kammalawa

Ga mota ta yau da kullum da za a shiga filin tsere da ita, jerin da lissafi ya nuna shi ne: a fara da taya, sai birki, sai shokazoba da sifirin da daidaita ƙafafu, sai rage nauyi, sannan inji. Mahayin doki ya san wannan tun tuni, domin ba ya sakin ingarma sai ya tabbatar da linzami da majanyi.

A kan titin jama'a kuwa, wannan ilmi na tsira da rai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum kimanin miliyan 1.19 ne suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma ta nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4 cikin ɗari. Taya mai kyau da birki mai kamawa suna amfani a kowane gudu, amma wurin gwada iyakar mota shi ne filin tsere da aka killace.

Aikin aji

Malami zai iya auna gogayya da ɗalibansa ba tare da kayan ɗakin gwaji ba. A sami katako mai tsawon mita guda, a ɗora guntun tsohuwar taya a kansa, a riƙa ɗaga gefe ɗaya sannu a hankali har robar ta fara sulalewa. A auna tsayin gefen da aka ɗaga, a raba shi da nisan da katakon ya rufe a ƙasa. Sakamakon shi ne ma'aunin gogayya. A sake gwajin bayan an jiƙa katakon da ruwa, sannan bayan an barbaɗa masa rairayi, a kwatanta lambobin uku.

Tambayoyi

1. Mota tana da ƙarshen gudu na kilomita 160 a awa. Kashi nawa cikin ɗari za a ƙara wa injinta domin ta kai 176?

2. Mene ne iyakar gudu a kwana mai nisan mita 200 daga cibiya idan ma'aunin gogayya 0.8 ne? Idan kuma ya koma 0.4 fa?

3. Me ya sa motar da shokazobarta ta mutu take ɗaukar nisa mai tsawo kafin ta tsaya a hanya mai gargada?