Kai Dai Ka Shuka, Ɗana

 Labari ya iso mini cewa gwiwarka ta yi sanyi. Tun da aka tura ka wannan ƙauye bayan ka gama makarantar Littafi Mai Tsarki, gani kake aikin ya ƙi motsi. Ranar Lahadi ka buga ƙarfe tun da sassafe, ka share majami'a da hannunka, ka jera benci, amma in an fara sujada rabin bencin wayam, waɗanda suka zo ɗin ma yawancinsu mata ne da yara. In an zube baiko za a ƙirga, 'yan canji ne da tiyar masara. Abokan karatunka kuwa suna birni, majami'unsu har da bene, ana sujada kashi biyu ko uku kafin rana ta take. Har ka fara tambayar kanka ko Allah ya kira ka da gaske. Ka ba ni aron kunnenka, gama wannan damuwa ta girme ka, ta girme ni, kuma Ubangiji ya riga ya amsa ta tun yana tafiya a ƙauyukan Galili.

Ka tuna halin da mutanensa suke ciki a lokacin. Ƙasar tana hannun Romawa, Hirudus Antifas yana mulkin Galili da yardarsu, haraji ya yi wa talaka katutu. Jama'a suna jiran Mulkin Allah, kuma a zatonsu zai zo da sarki irin Dawuda, da dawakai da mayaƙa, ya kori baƙi cikin ƙanƙanin lokaci. Sai ga masassaƙi daga Nazarat, ƙauyen da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, yana cewa Mulkin ya kusato. Waɗanda ke biye da shi mutum goma sha biyu ne, huɗu daga ciki masunta, ɗaya mai karɓar haraji. Yohanna Mai Baftisma da kansa, da ya daɗe a kurkuku, sai da ya aiko almajiransa su tambaya ko shi ne wanda ake jira. In har Yohanna ya yi irin wannan tambaya, kada ka ga kamar kai ne na farko da ya duba aikin Allah ya ga ya yi masa ƙanƙanta.

Ga masu irin wannan tunani ne Yesu ya ba da misalin ƙwayar mastad, wanda Matiyu ya rubuta a sura 13, Markus a sura 4, Luka a sura 13. Ƙwayar mastad 'yar mitsitsiya ce, in ta faɗo daga tafin hannu da wuya a sake ganinta a ƙasa, har Yahudawa suna buga misali da ita in za su faɗi ƙanƙantar abu. Amma in ta sami ƙasa mai kyau, kafin shekara ta zagayo takan wuce tsawon mutum, takan kai mita 2 zuwa 3, tsuntsaye su riƙa sauka a rassanta. Masu sauraronsa sun san littattafan annabawa. Sun san Ezekiyel ya kwatanta mulki da itacen al'ul na Lebanon, sun san Daniyel ya fassara wa Nebukadnezzar mafarkin wani gawurtaccen itace da ya kai sama. Da an ce su zaɓa wa Mulkin Allah misali, irin waɗannan manyan itatuwa za su kawo. Ubangiji ya bar su duka, ya ɗauko tsiron lambu. Yana so su gane cewa duk abin da itacen zai zama yana nan a ɗunƙule cikin ƙwayar tun ranar da aka binne ta. Maganar Allah da kake karanta wa 'yan tsirarun nan ita ce dai wadda ake karantawa a babbar majami'ar birni, ba a rage mata ƙarfi ko kaɗan don masu jin ta ba su da yawa.

Markus ya ƙara mana wani misali da shi kaɗai ya rubuta, kuma shi nake so ka riƙe da kyau. Mutum ya yafa iri a gonarsa, ya koma gida. Dare ya yi ya kwanta, gari ya waye ya tashi, irin kuwa yana tsirowa yana girma, shi bai ma san yadda ake yi ba. Ganye ya fara fitowa, sai kai, sai ƙwaya ta cika, sa'an nan lauje ya shiga. A nan an raba aiki gida biyu. Shuka da girbi na manomi ne, amma abin da ke faruwa a tsakani, a ƙarƙashin ƙasa, ba ya hannunsa. Manzo Bulus ya fahimci wannan sarai. Da 'yan Korinti suka rabu, wasu na bayansa wasu na bayan Afolos, sai ya tuna musu cewa shi dasawa ya yi, Afolos ya yi ban ruwa, mai sa girma kuwa Allah ne. Don haka, ɗana, in ka yi wa'azinka da gaskiya, ka yi ziyararka, ka yi addu'arka, to ka kwanta ka yi barci. Rashin barcinka ba zai sa zuciyar kowa ta tuba da wuri ba. Wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma ba ya makara.

Sai misalin yisti. Wata mace ta ɗauki ɗan yisti ta cusa cikin awo uku na gari, wanda a ma'aunin wancan zamani gari ne mai yawa, da zai ciyar da mutum kusan ɗari. Ka sha ganin mahaifiyarka tana haɗa ƙullun waina da yamma. Ta zuba ɗan abin da bai cika cokali ba, ta juya, ta rufe roba ta tafi. Cikin dare ba ka jin motsin komai, amma da asuba in ta buɗe sai ka ga ƙullun ya taso har baki, kuma ba za ka iya nuna inda yistin yake ba, domin ya game ko'ina. Haka Mulkin yake aiki a cikin gari. Magidancin da ya saba ɗaga wa matarsa hannu ya daina. Mai sayar da hatsi ta bar amfani da mudun da aka lotsa gindinsa. Wani ya ɗauki tsohon bashi da mai shi ya riga ya fid da rai, ya kai masa har gida. Gidaje biyu da suka yi shekaru ba sa ga-maciji a kan iyakar gona suka zauna suka sasanta. Babu gurbin rubuta waɗannan a takardar rahoton da kake aika wa gunduma, amma su ne alamar cewa ƙullu yana tashi. Ka buɗe ido ka neme su, za ka gan su a ƙauyenka.

Tarihin ikilisiya duka haka ya tafi. Bayan Ubangiji ya koma sama, waɗanda suka taru a Urushalima wajen mutum 120 ne. Da Bulus ya haye zuwa Turai, ya isa Filibi, bai tarar da taron maza ba. Mata ne a bakin kogi suna addu'a, cikinsu da Lidiya mai sayar da tufafin shunayya. Da ita da mai gadin kurkuku da iyalansu aka fara, kuma wannan ikilisiya ce ta riƙa aika wa Bulus gudummawa har yana ɗaure. Kafin a cika shekara ɗari da faruwar wannan, wajen shekara ta 112, gwamnan Roma a lardin Bitiniya, Filini, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana neman shawara, domin masu bi sun bazu a birane da ƙauyuka da karkara. Ba da takobi suka kai haka ba, kuma ba su da gine-ginen sujada. A gidajen juna suke taruwa.

Ka dubo kusa da gida. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kai bishara can cikin ƙasa. Ba wata babbar ƙungiya da ta tsaya musu. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma Kanada da zazzaɓi a jiki, bai yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka samu aka kafa tasha ta farko a Patigi, a ƙasar Nufawa. Duk wanda ya yi lissafi a ƙarshen 1894 zai ce an yi asarar rayuka biyu a banza. Daga wannan aiki ne ECWA ta fito a 1954, ikilisiyar da yau take da miliyoyin mutane, take kuma aika nata masu bishara zuwa wasu ƙasashe. A Garkida, ran 17 ga Maris 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya. Daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta taso, wadda ta sha wuta a hannun Boko Haram, aka ƙone mata majami'u masu yawa, amma tana nan tsaye tana wa'azin salama. Wani mai bishara kuma, Dakta Miller, ya zauna a Zariya tun 1905 da 'yar makarantarsa ta yara ƙalilan. Aikin ya koma Wusasa, inda aka raini mutane irin su Dakta Dikko da Farfesa Ishaya Audu, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Bayan waɗannan sunaye akwai ɗaruruwan masu bishara 'yan ƙasa da ba a rubuta sunansu ko'ina ba, waɗanda suke noma da safe, su koyar da karatu da yamma a ƙarƙashin rumfa. Kai magajinsu ne.

To, ga abin da nake jiye maka. Mai gaggawa yakan nemi gajeriyar hanya. Kada ka cika benci da alkawarin arziki ko na warkarwa da Ubangiji bai sa ka yi ba, gama wanda ya zo don buhun shinkafa zai tafi ranar da buhu ya ƙare. Kada ka zagaya ka janye 'yan wata ikilisiya ka kira shi ci gaba. Mulkin bai ƙaru da kowa ba, wuri kawai aka sauya. Kada ka ƙara ko mutum ɗaya a kan adadin gaskiya in kana rubuta rahoto, domin aikin Mai Gaskiya ba ya tsayuwa a kan ƙarya. Kada kuma ka yi wa 'yan'uwanka na birni hassada ko ka zarge su. Yawa ba laifi ba ne, ai a ranar Fentikos mutum wajen 3,000 aka yi wa baftisma. Kowa da gonar da aka ba shi, kuma abin da za a tambaye ka a kai shi ne amana.

Ka lura kuma da inda misalin ya ƙare. Itacen ya girma ne tsuntsaye suka sami wurin zama. Ma'aunin girman ikilisiya shi ne wa ya sami inuwa a cikinta. Gwauruwar da ba ta da mai nome mata gona, marayan da aka cire daga makaranta, mara lafiyan da ba mai kai shi asibiti, su ne tsuntsayenka. Maƙwabcinka Musulmi da mai bin addinin gargajiya su san cewa zamanka a garin alheri ne gare su. Ka je musu barka, ka je musu ta'aziyya, ka girmama mai gari da dattawa, a san ka da riƙon amana da tsare harshe. Ikilisiya mai mutum ashirin tana iya ba da inuwar da mai dubu ba ta bayar ba.

Saboda haka ka shirya wa'azinka na Lahadi da himmar da za ka yi in mutum dubu ne ke jiran ka. Ka ba makarantar Lahadi muhimmanci, domin yaran nan da ke zaune a tabarma su ne dattawan ikilisiyar gobe. Ka ƙarfafa maiɗakinka a zumuntar mata, gama sau da yawa ta ƙofarsu bishara take shiga gida. Ka zaɓi saurayi ɗaya ko biyu ka riƙa tafiya ziyara da su, ka koya musu karatu da addu'a, yadda Bulus ya yi da Timoti. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

Mai yiwuwa ne ba kai za ka ga girbin ba. Gowans da Kent ba su gani ba, kuma Ubangiji ya faɗa wa almajiransa a Samariya cewa akwai mai shuka, akwai mai girbi, ladansu kuwa su yi murna tare. In an ɗauke ka daga ƙauyen nan wani ya zo ya girbe, babu abin da ka rasa, gama Mai gonar ya san hannun da ya shuka. Ka tsaya a inda aka sa ka, ka yi aikin yau da zuciya ɗaya. Ubangiji ya ƙarfafa ka, ya ba ka haƙuri da lafiya, ya biya bukatun gidanka, ya sa albarka a aikin hannunka. Ni da mahaifiyarka muna tuna ka cikin addu'a kullum. Ka gai da 'yan'uwa duka.