Muryarka Kyauta Ce, Ka Horar Da Ita

Ɗan'uwa, sau nawa ka ce, “Ni ba ni da murya,” ka yi shiru cikin majami'a? Amma ranar gayya ana jin ka har gonar maƙwabci. Matarka kuma tana waƙa bakin turmi tun da asuba. Murya kuna da ita, koyo ne ya rage.

Ka buɗe 1 Tarihi 15:22. Sa'ad da Sarki Dawuda zai kawo akwatin alkawari Urushalima, aka ɗora Kenaniya bisa sha'anin waƙa, gama shi gwani ne. Sura 25 kuma ta ƙidaya mawaƙa 288 waɗanda aka horar, ƴaƴa ƙarƙashin iyayensu, kamar yadda maƙeri yake koya wa ɗansa zuga.

Don me wannan wahala? Ka tuna da kaka wadda ba ta iya karatu ba. Maganar Allah da ta riƙe a ka, yawancinta cikin waƙa ta same ta. Idan kun haɗiye kalmomi, ko ganga ta danne su, ta koma gida hannu wofi. Bulus da Sila sun yi waƙa da tsakar dare cikin kurkuku a Filibi, sauran ɗaurarru kuwa suna saurarensu (Ayyukan Manzanni 16:25). Kai ma akwai mai saurarenka bayan darni.

To, ga yadda za ka yi. Ka tsaya a miƙe, ka ɗora hannu bisa cikinka. Ka ja numfashi har ciki ya tashi, kafaɗu kuwa kada su motsa. Ka sake shi sannu a hankali kana cewa “aaa”. Ƙarfin murya daga nan yake fitowa. Mai matse maƙogwaro yana ihu, kafin a tashi sujada muryarsa ta dishe. Mai ba da waƙa kuma kada ya ɗauko ta can sama, tsofaffi su kāsa bi.

Da hunturu ƙura takan busar da maƙogwaro, haka nan hayaƙin murhu. Ka sha ruwa da yawa. Idan murya ta dishe har mako 3 ba ta komo ba, ka je wurin likita.

Yau bayan tuwon dare ka tara iyalinka. Ku zaɓi waƙa ɗaya, ku faɗi kalmominta tukuna ba tare da rerawa ba, sa'an nan ku rera baiti ɗaya sau 3. Ka tambayi autanku abin da baitin yake cewa.