Ku Riƙe Wanda Aka Buge

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na gane abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya. Ku 'yan kaɗan ne a Kubwa masu buga Tekken da Street Fighter da gaske, kullum fuskoki ɗaya, alhali gidajen gem daga PW har Byazhin cike suke da masu buga ƙwallo. Kana so a san da ku, jama'arku ta yawaita, shi ya sa kake shawarar haɗa babbar gasa, a kama ɗakin taro, a buga fosta, a sa kyauta mai tsoka. Ban raina wannan buri ba, kuma ina yi maka addu'ar Allah ya nuna mana ranar. Sai dai ina so ka ɗan jinkirta gasar, ka fara duba inda mutane ke zurare muku.

Ka lura da yaron da ya shigo gidan gem karon farko. In ƙwallo ya zauna bugawa, ya riga ya san dokarta tun daga filin unguwa. Ko an ci shi biyu da nema, ya yi minti goma yana wasa, ya kai hari, ya buga ƙarfen raga, yana da labarin da zai bayar a hanyar gida. In kuwa Tekken ya ɗauka, wanda ya iya zai cilla shi sama, ya yi ta dukansa bai sauko ba, ya haɗa shi da bango, kafin minti biyu an gama. Babu gola ko alƙalin wasa da zai ɗora wa laifi, shi kaɗai ne da kunyarsa, ga kuma na baya suna ihu. Sannan ga dokar nan taku ta wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na gaba. Ka yi lissafinta da kyau: wanda ya fi kowa buƙatar koyo shi ne ya fi kowa ƙarancin bugawa, gwani kuma ya wuni a kujera. Yaron nan ba zai yi muku faɗa ba. Zai yi murmushi, ya ce zai dawo gobe, ya koma wajen ƙwallo. A nan jama'arku ke ƙarewa, kuma babu fostar da za ta toshe wannan ɓaraka.

Ba sai ka je nesa ba ka ga yadda ake magance wannan. Dei-Dei na nan kusa da ku, inda gidan damben da aka sani da na Ali Zuma ya daɗe yana tara jama'a, har Sashen Hausa na BBC ya riƙa kawo sakamakon wasanninsa na safiyar Lahadi. Ka je gidan dambe ka zauna tun farkon wasa, ka ƙyale naushin, ka kalli tsarin. Ƙanana ne ke buɗe fage, kowa da tsaransa, kuma jama'a na kallonsu kafin manya su sa zare. Babu mai haɗa yaron da ya fara jiya da wanda ya yi suna. Ka saurari sunayen kuma: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Yaro yana shiga fili da sunan ubangidansa a kansa, in ya yi kisa ubangidan ne aka ɗaga, in aka buge shi akwai wanda zai kama shi ya gaya masa inda ya yi sake. Ga ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramada, ta yadda ɗan kallon da bai taɓa ɗaura zare ba yana da nasa da yake goyon baya. Ga sankira da makaɗa masu sa turmin da babu kisa ma ya zama abin magana. Da wannan tsari dambe ya rayu tun kafin Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, har ya kai yau ana kallonsa a YouTube a ƙasashen da ba su san Hausa ba.

Saboda haka kowane gwani a cikinku ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu ya zama nasa. Ya zauna da shi a gefen koyo na wasan, ya nuna masa tarewa kafin duka, ya ba shi dabara uku kacal da zai riƙe har su zauna masa a hannu. In suna bugawa, ya bar gwarzon da ya saba ɗauka ya ɗauki wanda bai iya ba, don wasan ya yi tsawo. In ya ci shi, ya gaya masa abu ɗaya da zai gyara, ɗaya tak, don wanda aka buge ba ya iya ɗaukar karatu mai yawa. Ku ware talabijin guda na sababbi, inda doka za ta juye: kowa ya buga wasa uku ko ya ci ko an ci shi. Kamfanonin ma sun gane wannan matsala. Street Fighter 6 da Capcom ta fitar a 2023 ya zo da saitin maɓallai mai sauƙi, Tekken 8 na 2024 shi ma haka. Na san akwai masu yi wa mai amfani da su gori a cikinku. Ka hana. Wanda ya shigo ta ƙofa mai sauƙi ya riga ya shigo, sauran kuma lokaci ne.

Ku kuma kafa ɓangarori, Phase 4 da Dutse Alhaji, Arab Road da Byazhin, biyar da biyar, mai rauni ya fara, gwani ya rufe. Za ka ga abokan yaro sun biyo shi don unguwarsu ce ke fili.

Maganar rana da wuri ita ce ta biyu a nauyi. Mutanen Kubwa da yawa cikin gari suke aiki, kuma ka san yadda babban titin nan ke cushewa safe da yamma, don haka ranakun aiki ba naku ba ne. Juma'a akwai masallaci, Lahadi akwai coci, kuma garin na kowa ne: Gbagyi masu ƙasa, Hausawa, Ibo, Yarbawa, Tibi, Idoma da sauransu. Asabar da rana ta fi dacewa da kowa. Ku tsayar da ita, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ko mutum huɗu suka zo a buga. Wanda ya ɓace wata biyu ya san in ya dawo zai same ku. Wannan tabbaci ya fi kyautar gasa jan mutane. Ku yi magana da mai gidan gem ku biya kuɗin sa'o'in a dunƙule, har da man janareta, don kada ɗaukewar wuta ta watsa taro. Mai yin sharhi kuma ya haɗa Hausa da buroka, ya kira sunan ƙaramin yaro da ƙarfin da yake kiran na gwani.

Kada intanet ya ruɗe ku ku daina haɗuwa. Waɗannan wasanni suna tafiya ne da hoto 60 a kowace daƙiƙa, kuma naushi mafi sauri a Tekken yana fita a hoto 10, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. In sabis ya yi tangarɗa kaɗan, abin da ka tare zai same ka, kuma ka koyi mugun hali ba ka sani ba. Hatta talabijin akwai mai jinkirta hoto, sai an shiga saitinsa an kunna na wasa. Zama kafaɗa da kafaɗa shi ne ƙarfinku, kuma da shi wasu suka girgiza duniya.

Ina nufin mutanen Pakistan. Shekaru da dama kowa ya ɗauka Tekken na Koriya ta Kudu ne da Japan. Ashe a Lahore akwai samari da ke taruwa a ƙananan gidajen gem, ga matsalar wuta irin tamu, ga wahalar samun biza, suna ta gwabzawa da juna babu wanda ya san da su. A watan Fabrairun 2019 ɗaya daga cikinsu, Arslan Siddique da ake kira Arslan Ash, ya isa birnin Fukuoka da ƙyar bayan fama da biza da sauye-sauyen jirage, ya lashe gasar Evo ta Japan. A watan Agustan shekarar ya je Las Vegas ya doke Knee, gwanin Koriya da ake ganin babu kamarsa, ya ɗauki babban kofin Evo na Tekken 7. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ya riƙa nuna cewa a gida akwai waɗanda ke ba shi wuya, kuma ba a daɗe ba Knee da kansa ya tafi Pakistan don ya buga da su. A 2023 tawagar ƙasar ta lashe gasar ƙasashe ta Tekken a Riyad. Abin da nake so ka ɗauka a nan, ɗana, shi ne Arslan bai yi ƙarfi shi kaɗai ba. Waɗanda ke dukansa kullum a Lahore su suka gina shi. Gwanin da ke ɓoye dabararsa don kada yaran unguwa su kamo shi, ranar da ya fita Legas zai gane cewa kansa ya cuta. Ita kanta Evo, kafin ta ɗauki wannan suna a 2002, taron 'yan Street Fighter ne da aka fara a Kalifoniya a 1996.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Caca. Za ta shigo muku a hankali, da sunan a sa ɗari biyar don wasa ya yi zafi. Ka tsaya a ƙofa ka hana ta tun ranar farko. Addini ya haramta ta, wannan kaɗai ya isa, kuma ko ta fuskar taronku guba ce. Inda kuɗi ke kan wasa babu mai koya wa wani, sabo ya zama abin farauta, rigima ta biyo baya, sai wata rana 'yan sanda su tsaya a ƙofa, sunanku ya ɓaci a unguwa. Uwa ɗaya in ta ji ɗanta ya bar kuɗin makaranta a wurinku, gida goma za su ji kafin dare. Haka nan shaye-shaye da ashar. Yardar iyaye ce za ta cika muku ɗaki, don su ne ke ba da izini da kuɗin keke.

In an kira salla a dakatar da wasa, a fita a yi, a dawo. A tashi da wuri yadda ƙaramin cikinku zai isa gida kafin a fara nemansa. Lokacin jarrabawa ka kori 'yan makaranta da kanka, cikin raha, ka ce kujerarsu na jiransu. Mortal Kombat kuma, na san yana da masoya a nan ƙasar tun zamanin Sega, amma zubar da jinin cikinsa har majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kai a 1993, abin da ya kai ga kafa hukumar sa wa wasanni iyakar shekaru a 1994. Ku bar shi ga manya, a lokacin da yara suka tafi. Ƙofa kuma ta kasance a buɗe, duk uban da ya leƙo a ba shi kujera.

'Yan mata ma suna bugawa a gidajensu, da yawa sun fi yayyensu, amma ba za su shigo ɗakin da ake zage-zage ba. A Kenya, Sylvia Gathoni da aka sani da QueenArrow da Tekken ta yi suna har ta wakilci ƙasarta a waje. In kun gyara bakinku da wurinku, kuka ware musu lokaci da rana da sanin iyayensu, za ku ga abin mamaki.

Ka tuna kuma sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Abuja a Kubwa yake. Duk shekara matasa daga kowace jiha suna sauka a ƙofarku, baƙi, ba su san kowa ba, wasunsu sun buga a Legas ko Fatakwal ko Inugu da salon da ba ku taɓa gani ba. Ku neme su. Jirgin ƙasan Kaduna ma yana tsayawa a tasharku, ziyarar kwana ɗaya tsakaninku da 'yan can ba za ta gagara ba.

In kun yi wata shida a haka, to ku haɗa gasar. Ku bi tsarin da ake bi a manyan gasanni, wanda ba a fitar da mutum sai an ci shi sau biyu, don kada wanda ya taso daga Bwari ya buga wasa ɗaya ya juya. Ku yi rukunin sababbi daban, da kyautarsu ko da hannun gem ne guda. Kyautar ta fito daga mai shago ko wani mai tallafi, a bayyana ta tun kafin a fara, a miƙa ta a gaban jama'a a ranar. Kowace naira da ta shigo a rubuta ta a littafi, mutum biyu su riƙe, a karanta wa kowa. Amana ɗaya in ta karye a kan kuɗi, aikin shekara ya tafi. Ku ɗauki bidiyo gajeru da waya ku sa a TikTok da WhatsApp, amma kada ku yaɗa wanda aka wulaƙanta yaro a ciki. Ku sa na ranar da ya fara cin ubangidansa.

Akwai wani yaro ɗan Jamhuriyar Dominika, Saul Mena, da ake kira MenaRD. Yana da shekara 18 ya lashe gasar Capcom Cup a 2017, ya samu dala 250,000, ya kuma zuba wani kaso a kan 'yan wasan ƙasarsa da wurin atisayensu. A 2023 ya sake lashewa. In Allah ya ɗaga ɗaya daga cikinku, ina fata ya yi irin haka. Kafin nan, duk wanda kuka ga ya fara fice, ku taimaka masa ya yi fasfo tun babu gasar da ke jiransa, ku haɗa masa kuɗin mota zuwa gasannin Legas, in ya dawo ya zauna ya nuna muku duk abin da aka doke shi da shi.

Kai kuma ka fara koya wa wani riƙe littafin da tsara jadawalin tun yanzu, don aiki ko aure ko karatu na iya ɗauke ka daga Kubwa. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka kuma gaya mata ranar da lokacin tashinku da bakinka kafin ta ji a wurin wani. Allah ya yi maka albarka.